Hoton Ƙiragan Yayana

Ni ɗan mahauta ne, amma ko akuya ban taɓa feɗewa ba. Kakanmu ya zo Garwa daga ƙasar Kano da wuƙarsa a kwiɓi, ya haifi babanmu a nan, babanmu ya haife mu a nan, amma har yau in magana ta yi zafi sai an sami mai tuna mana cewa mu 'yan Najeriya ne. Mu biyu ne maza a ɗakinmu. Yayana ya gaji wuƙa da teburin nama a kasuwa, ni kuma aka kai ni lekol, wato makarantar boko, wai don gida ya sami mai karanta takardun gwamnati. Ina aji huɗu babanmu ya rasu. Yaya ne ya riƙe ni, ya ci da ni ya tufatar da ni, har na zama malamin makaranta. Tun daga ranar da na fara koyarwa yake kirana Metir, wato malam da Faransanci, rabi girmamawa rabi tsokana.

Ina da son gardama, wannan ba na musu. Matsalar ita ce ban taso inda ake barin mutum ya yi ta ba. A majalisar unguwarmu, in dattijo ya ce rana ta ɓullo daga yamma, naka shi ne ka ce haka ne, Baba. A ɗakin malamai kuwa, in hira ta karkata wajen siyasa sai kowa ya rage murya, wani ya leƙa taga, wani ya ɗaga ido ya dubi hoton shugaban ƙasa da ke rataye a bango, wanda tun kafin in iya karatu shi ne a wurin. Haka na kai shekara talatin da wani abu da magana cunkushe a cikina.

Da wayoyi masu intanet suka yawaita, wani abokin aikina ya sa ni a wani dandali na mutanen arewacin ƙasar nan. Akwai 'yan Marwa, 'yan Ngaundere, 'yan duwatsu, da namu da ke zaune a Duwala da ƙasashen Turai. Ana rubutu da Faransanci, ana surkawa da Fillanci, jefi-jefi wani ya jefo Hausa. Sai na zama kamar akuyar da aka kwance wa igiya. Matata ta sha ajiye mini tuwo ya huce ina fama da wani mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Takan ce, “Malam, ka ci abinci tukuna, mutanen cikin wayar ba inda za su.”

Ba zan yi butulci ba, na ƙaru a wurin nan. Akwai wata ma'aikaciyar asibiti, Kirista, 'yar duwatsun da ke bayan Marwa, da muka yi mako guda muna ja-in-ja a kan abin da kakanninmu na birni suka yi wa nata kakannin. Na shiga da ƙarfina, na fito jiki a sanyaye, domin ta faɗa mini abubuwan da ba a taɓa faɗa a zaurenmu ba, kuma da na bincika na tarar gaskiyarta ce. Da a kasuwa muka haɗu, iyakarmu sannu da sannu. Wani ɗan kudu shi ma ya sa na daina yi wa rikicin yankin ƙasarmu mai magana da Ingilishi kallon abin da bai shafe ni ba. Saboda irin wannan nake ce wa abokan aikina gardama magani ce, ƙasar da ba a gardama a cikinta kumburi take yi. Da zuciya ɗaya nake faɗa, har yanzu kuma ban janye duka ba.

Sai shekarun nan suka zo da satar mutane ta yi ƙamari a daji. Mutane da bindigogi su dira a rugar Fulani, su ɗauke maigida ko 'ya'yansa, su ce a fanshe su. Wani lokaci iyali su sayar da garke da hannunsu, wani lokaci ɓarayin su kora shanun gaba ɗaya. A gari muna jin labari, muna cewa Allah ya kyauta, muna sayen nama.

Wata rana wani ya yi tambaya a dandalin. Ya ce saniya ba ta da fiffike, to ina shanun nan suke shiga? Kafin azahar an ba shi amsa iri-iri, kuma yawancinsu wuri ɗaya suka nufa: mahautan Garwa, Hausawa, baƙin da ba su da kishin ƙasa. Wani har ya ce a bincika wuƙaƙenmu. Jinina ya hau. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, ni kuwa na san da ni ake, da Yaya, da kabarin babanmu.

Masu zagin ba su dame ni sosai ba, domin na iya da su. Wanda ya tsaya mini a wuya wani ɗalibi ne, Bafillace, mai karatu a Ngaundere. Shi ba ya zagi. Faransancinsa a wanke, maganarsa a natse, kuma wannan natsuwar ta fi zagi ƙona mini rai. Ya ce an ɗauke mahaifinsa a dajin da ke gabas da Lagdo, ya yi makonni a hannunsu, an sako shi, amma garkensu ya tafi. Ya ce shi bai ce duk mahauci ɓarawo ne ba. Abin da yake tambaya shi ne, in dillali ya kawo saniya da araha, mahauci nawa ne ke tambayar daga ina ta fito?

Na zauna na rubuta masa darasi, kamar yana ajina. Na ce saniya ba ta isa hannun mahauci sai ta bi ta tike, wato kasuwar shanu. A can akwai dillali da ya san mai ita, akwai takardar likitan dabbobi, a samanmu kuma akwai Sarkin Fawa. Sannan na kawo hujjar da nake ji da ita. Na ce a gidajen mahautan unguwarmu akwai al'adar da muka gada: duk saniyar da aka yanka, ƙirginta, wato fatarta, sai an shanya shi kwana uku a fili, gashi a sama, kafin a sayar. Dalilin shi ne duk wanda saniyarsa ta ɓace ya zo ya duba, ko zai ga launinta ko alamar gidansu. Na ce ɓarawo ba ya shanya shaidarsa a rana.

Amsarsa gajera ce. “Metir, al'adar tana da kyau. Amma yaushe rabonka da tike?”

Ya same ni a inda ke ciwo, domin rabona da tike tun ina bin babanmu a baya. Maimakon in ce ka yi gaskiya, sai na ƙara wuta. Na rubuta a gaban kowa cewa in aka nuna mini ƙirgi ɗaya na sata a gidanmu, ni da hannuna zan zo nan in rubuta cewa an samu, Allah ne shaida. Mutane suka yi ta yaba mini. Na ji daɗin yabon, kuma yau ina jin kunyar daɗin da na ji.

Ranar Asabar da hantsi na hau babur na tafi gidan Yaya. Yana kasuwa. Matarsa ta kawo mini kunu, muka gaisa, na ce zan leƙa baya. A filin da ke bayan gidan, gindin katangar ƙasa kusa da bishiyar mangwaro, ga ƙiraga biyar an kafe su da turaku, ƙudaje na ta shawagi. Ni a idona ƙirgi ƙirgi ne: fari, ja, baƙi, mai roɗi-roɗi. Na ja baya don su shiga duka, na ɗauki hoto. Ban ma jira na isa gida ba, a tsaye a wurin na tura shi dandali, na rubuta a ƙasa: gani ya kori ji, mai neman saniyarsa ƙofa a buɗe take. Ban tambayi Yaya ba. Ko a raina bai zo ba cewa akwai abin tambaya.

Ranar na yini ina amsa gaisuwa. Namu suka ce na wanke su, wasu daga cikin masu zagin suka yi tsit. Ɗalibin bai ce komai ba, ni kuma na ɗauka ƙarewar hujja ce.

Washegari bayan azahar saƙonsa ya shigo, ba a dandali ba, ni kaɗai ya aiko wa. Hotona ne ya dawo mini da shi, ya zagaye ƙirgi na uku da jan layi. Ja ne, da farin tabo a wajen wuya, a kafaɗa kuma akwai layuka uku a jere inda gashi bai fito ba. Sai ga hoto na biyu: shi kansa a ruga lokacin hutu, ya dafa wata jar saniya mai dogayen ƙahoni, da farin tabo a wuya, da layuka uku a kafaɗa. Ya rubuta cewa kumburi ta yi wata damina, mahaifinsa ya yi mata lalas da ƙarfe mai zafi, shi ne ya riƙe mata ƙaho. Ya ce, “Ban sa a dandali ba. Na fara gaya maka ne don duk gardamar da muka yi ba ka taɓa zagin iyayena ba.”

Abin da na fara yi shi ne abin da ba na son tunawa. Na koma dandali na goge hoton. Ko minti biyar ba a yi ba ya sake rubuto mini: “Na ga ka goge. Yana wurina, Metir, kuma ba ni kaɗai ba.”

Na sami Yaya bayan la'asar yana kankare teburinsa, kasuwa ta fara watsewa. Mutum ne mai jiki, marar yawan magana, wanda in ya yi dariya sai kafaɗunsa su yi ta rawa ba sauti. Na ja shi gefe na nuna masa hotunan biyu. Ya goge hannu a riga, ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo.

“Wa ya ɗauki wannan?”

“Ni ne, Yaya.”

“Wa ya aike ka?”

“Ba kowa. Ana zaginmu ne, na ce bari in kare mu.”

“Ka kare mu,” in ji shi, ya miƙo mini wayar.

Na tambaye shi wurin wa ya saya. Ya ambaci wani tsohon dillali, aminin babanmu, wanda tun muna yara muke ce masa Baffa. Na ce ya nuna maka takarda? Ya dube ni kamar na yi saɓo.

“Metir, mutumin da ya kama makarar babanmu zan ce ya nuna mini takarda? Ku a lekol haka ake koya muku?”

“To ba ka san ta sata ce ba?”

“Ban sani ba.”

Na yarda nan take, domin ina bukatar in yarda. Na tambaye shi, to mutane ba sa zuwa duba ƙiragan ne? Ya ce rabon da wani ya zo dubawa tun babanmu na da rai. Ana shanyawa ne kawai don haka aka tarar ana yi, kuma wanda bai shanya ba shi za a zarga. Masu shanun yanzu suna can nesa, wa zai gaya musu wane gida za su leƙa?

Na rubuta wa ɗalibin cewa yaudarar yayana aka yi, na roƙe shi kada a kai maganar wurin jandarma, a zo gaban Sarkin Fawa a sasanta. Ban zaci zai yarda ba, amma ya yarda. Ya ce mahaifinsa ba ya son ofis, kuma yana tsoron waɗanda suka kama shi su ji cewa ya kai ƙara. Shi dai tsohon yana so ya ga ƙirgin da idonsa.

Bayan kwana huɗu suka iso. Aka zauna da safe a zauren Sarkin Fawa, da dattawan mahauta kamar takwas, da Yaya, da ni a can gefe kusa da takalma. Dillalin bai zo ba. An ce ya tafi Yola ganin likita tun ranar da maganar ta fito, kuma har na bar bin labarinsa bai dawo ba. A nan na fara ganin abokin gardamata ido da ido. Yaro ne siriri mai tabarau, da ƙyar zai girmi ɗaliban da na fara koyarwa. Ya durƙusa ya gaishe ni, abin da ya ƙara mini nauyi. Mahaifinsa dogon tsoho ne, rigar jikinsa ta yi masa yawa, yana tafiya a hankali kamar mai tsoron taka ƙaya.

Aka kawo ƙirgin aka warware a tsakar zaure. Tsohon ya tsuguna, ya sa tafin hannu a kan layukan nan uku, ya shafa har zuwa farin tabon. Ya ce da Fillanci, “Nagge am.” Saniyata. Bai ɗaga murya ba, kuma ba wanda ya nemi ƙarin shaida.

Sarki ya juya ga Yaya. Yaya ya yi bayani yadda ya yi mini: Baffa ne ya kawo ta, bai nemi takarda ba saboda kunya, bai san ta sata ce ba. Dattawan suka gyaɗa kai, wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wani ya ce kowa a nan ya taɓa saye a hannun mutumin nan ba takarda. A raina har na fara tsara abin da zan rubuta a dandali, cewa mahauci ma cutarsa ake yi.

Sai tsohon, yana tsugune bai ɗago ba, ya ce yana da tambaya ɗaya. Sarki ya ce bismilla.

“Lokacin da suka kore ta, tana da ciki. In na lissafa daidai, saura wata biyu ta haihu. Da ka buɗe ta, ka tarar da ɗan?”

Ni ban gane nauyin tambayar ba, na ɗauka tausayin dabba ne irin na makiyayi. Sai da na duba na ga duk dattawan sun sunkuyar da kai, wanda ya ce tsautsayi ne yana jan carbi da sauri. Abin da kowane mahauci a wurin ya sani, ni ɗan lekol ban sani ba, shi ne makiyayi ba ya kai saniya mai tsohon ciki tike da son ransa. Zai sayar da sa, zai sayar da tsohuwa, zai sayar da juya, amma ba wadda ke gab da haihuwa ba. Mahaucin da aka kawo wa irinta wajibinsa ne ya tsaya ya yi tambaya, in kuma ya riga ya yanka ya tarar, ya zo ya gaya wa Sarki a ranar.

Yaya ya ce, “Na tarar.”

“Namiji ne ko mace?”

“Mace.”

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ce haka jinin saniyar yake, uwarta ma mata take haifa. Daga nan ya naɗe hannayensa a gwiwa.

Sarki ya ce, “Cikin wata bakwai, ai ba sai an buɗe ake gani ba. Kai da aka haifa a cikin sana'ar nan.”

“Ranka ya daɗe, na gani,” in ji Yaya. “Amma yanzu mai ciki nawa ke shigowa tike? Mutum na sayar da komai don ya fanshi ubansa. Na ce wa raina irin wannan ce.”

“Ka tambaya?”

“Ban tambaya ba.”

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Yaya zai nemo saniya mai ciki ya ba tsohon, zai kuma ajiye wuƙa wata uku. Maganar kuwa ta tsaya a zaure. Tsohon ya ce usoko, wato ya gode, ya ce ya yafe. Aka shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa. Yaya ya wuce ta gabana bai dube ni ba.

A waje ɗalibin ya tsaya jirana a inuwar darbejiya. Ya ce, “Metir, Baba ya yafe, wannan tsakaninsa da yayanka ne. Amma akwai alkawarin da ka yi a gaban mutane. Ni ba zan sa komai a dandali ba. Kai ka ce za ka rubuta.”

Na yi kwana uku da abin a wuyana. Sarki ya ce magana ta tsaya a zaure. Matar Yaya ta zo gidanmu da kanta, abin da ba ta saba yi ba sai da biki ko rasuwa, ta zauna a ɗakin matata ta aiko a kira ni. Ta ce, “Don girman Allah ka rufa mana asiri. Shi ba zai roƙe ka ba, ka san halinsa. Yara na makaranta, kowa ya san gidan.” Matata ma ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Duk gaskiya suka faɗa. A ɗaya gefen kuma na kira sunan Allah a gaban jama'a, na ƙaryata yaron da aka ɗaure ubansa a daji, na sa an yi masa dariya. A dandali ana ta tambaya me ya sa Metir ya goge hotonsa. In na yi shiru, duk abin da na yi shekaru ina faɗa a kan gaskiya da gardama ya zama iska.

Na rubuta. Ban ambaci suna ba, ban faɗi unguwa ba. Na ce an sami ƙirgin saniyar sata a gidanmu, mai ita ya gane ta, an sasanta, ɗalibin ya yi gaskiya ni na yi kuskure. Na ƙara da cewa mahaucin ya ga alamar da ya kamata ta sa shi tambaya, bai tambaya ba. Wannan jimlar ba wanda ya tilasta mini ita. Na sa ta ne don ina so rubutuna ya cika, kada wani ya ce na rage. Na ɓoye suna ina ganin na yi dabara, na manta cewa duk wanda ya ajiye hoton yana da katangar da bishiyar mangwaron, kuma a Garwa an san malamin makarantar da yayansa mahauci ne.

Wasu suka ce ni namijin duniya ne. Ma'aikaciyar asibitin nan ta rubuto cewa da irina sun yi yawa da ƙasa ta gyaru. Waɗanda suka fara zagin kuwa suka ɗauki rubutuna suna yawo da shi, ga shi ɗansu da bakinsa ya tabbatar. Kafin mako ya zagayo dandalin ya koma gardamar ƙwallo. Kasuwa ce ba ta koma ko'ina ba. Yaran mahauta masu waya suka karanta wa iyayensu, iyayen suka ce na sayar da ɗan'uwana don a tafa mini. Sarki ya aiko a gaya mini cewa ya gode da yadda na girmama maganarsa. Na fahimci saƙon.

An sami ɗan amfani, ba zan ɓoye ba. Mutane suka fara sa hotunan alamomin shanunsu da suka ɓace a dandalin. Na ji an ce mahauta sun koma neman takarda ko a hannun wa, na kuma ji an ce wani ya gano shanunsa biyu ta haka, ko da yake ban gani da idona ba. Ɗalibin yakan aiko mini gaisuwar salla. Ya ce saniyar da aka ba su ta haihu. Nakan tara waɗannan in auna su da abin da ya biyo baya, kuma ba su taɓa rinjaya a zuciyata ba.

Da wata ukun suka cika, Yaya ya koma teburinsa. Matan da suka shekara da shekaru suna saye a wurinsa sai su gaishe shi su wuce teburin gaba. Masu gidajen abinci suka janye ɗaya bayan ɗaya. Abokan sana'arsa, waɗanda da yawansu sun yi abin da ya yi, su ne suka fi nesanta da shi, kowa na shafa wa gemunsa ruwa. Ya jure har bayan babbar salla. Daga nan ya ba wani teburin da kakanmu ya kafa, ya kwashe iyalinsa ya koma Lagdo wurin surukansa masu bandar kifi. Bai yi mini sallama ba, a bakin maƙwabta na ji.

Ina cikin dandalin har yanzu, amma karatu na fi yi. In na ga wani matashi ya taso da zafi yana rantsuwa a kan mutanensa, sai in tuna da kaina. Ban san me zan ce masa ba. In na ce ya yi shiru, na san shirun ne ya kai mu inda tsoho zai tsuguna yana shafa fatar saniyarsa. In na ce ya faɗi gaskiya, na san ba shi zai biya ba. Ni na yi rantsuwar, ni aka yaba wa, albashina bai motsa ba. Laifin Yaya laifi ne, amma an riga an yi masa hukunci a zaure, wanda aka zalunta ya yafe. Hukunci na biyu ni na yanke, kuma ban san ko don Allah na yi ba ko don kada a ce Metir ya gudu daga gardama. Wannan rashin sanin shi ke cina.

Sai da aka yi kusan shekara na yi ƙarfin halin zuwa Lagdo. Na same shi da rana a bayan gidan surukansa, tsakanin tandunan banda, hayaƙi ya rine masa idanu, ya rame. Yana jera tarwaɗa a kan ragar ƙarfe da hannun da ya saba rarraba sa guda kafin rana ta ɗaga. Da ya gan ni ya wanke hannu, ya sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, aka kawo ruwa a kofin baƙi. Ya tambayi matata, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki, ya tambayi zafin Garwa. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu ya mare ni yadda yake yi ina yaro, amma ladabi kawai yake zuba mini.

Na ce, “Yaya, na zo neman gafara ne.”

“Ai ba ƙarya ka yi ba,” in ji shi. “Allah ya yafe mana baki ɗaya.”

Ya tashi ya juya kifin, ya ƙara itace, ya dawo ya zauna a kan turmi nesa da tabarmar. Ina so in san ko la'asar ta yi, don kada in rasa motar komawa, sai na sa hannu a aljihu na ciro wayata. Ya dubi wayar, ya dubi tandunan, ya miƙe a hankali ya jawo wani tsohon buhu.

“In hoto za ka ɗauka,” ya ce, “bari in rufe kifin. Ba nawa ba ne, na mutane ne.”